Shawara ga masu cewa babu lokacin yabon Ubangiji

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina yawan jin masu sana'a a Kejetia da Asawase a Kumasi suna cewa tun asuba mutum yana kan ƙafa har dare, yaushe zai zauna ya yi sujada. Gaskiya ne aiki ya yi yawa, amma yabo ba sai ranar Lahadi a coci ba.

Shawarata ita ce ku haddace Zabura 117, ayoyi 2 ne kawai a cikinta, ita ce sura mafi gajarta a duk Littafi Mai Tsarki, kuma daga farko har ƙarshe yabo ce. Kana cikin trotro, wato motar haya, an tsaya cak a hanya, maimakon ka yi ta tsaki da direba sai ka riƙa maimaita ta a zuciyarka, haka ma mama da ke jiran masu saye a gaban tebur. In haddar ta zauna sosai a ƙara da farkon Zabura 103.

Amma don Allah kada yabon ya zama sai ranar da ciniki ya yi kyau. Bulus da Sila an yi musu bulala an jefa su kurkuku a Filibi, da tsakar dare suna waƙar yabo (Ayyukan Manzanni 16). Muna yabo ne saboda Yesu ya mutu domin zunubanmu ya kuma tashi a rana ta uku, wannan ba ya canzawa ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Iyaye, ku koya wa yara da Hausa kafin barci, sun fi mu saurin riƙewa.