Yadda za a kula da mai korona a ƙaramin asibiti, tun daga bakin ƙofa har zuwa tura shi gaba

'Yan'uwa ma'aikatan lafiya da ke ƙananan asibitoci a Jos da kewaye, su Bukuru, Unguwar Rogo, har Barikin Ladi da Mangu, da ku nake. Na san yanzu ba a cika maganar korona ba, tun watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke ta daga matakin gaggawa, amma cutar tana nan tana yawo, kuma tsoho mai suga ko hawan jini har gobe tana iya kayar da shi. Yawancin waɗanda za a ceta a asibiti irin namu, da ɗan oksimita na yatsa (na'urar auna yawan oksijin a jini) da iskar oksijin da tura mutum gaba a kan lokaci ake ceto su.

Aikin daga bakin ƙofa yake farawa. A ajiye benci daban a baranda inda iska ke kaɗawa, duk wanda ya zo da tari ko zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro a miƙa masa takunkumi ya zauna can, kar ya shiga layin masu awon ciki. A tambaye shi ko ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ko akwai mai irin ciwon a gida, sannan tambayar da aka fi mantawa, wace rana ciwon ya fara? Ku rubuta ranar da manyan baƙi a saman kati, domin wannan cuta tana da halin lafawa sannan ta juyo a mako na biyu, wajen kwana 7 zuwa 10, mutum ya zaci ya warke sai numfashi ya fara gagara.

Kada kowane zazzaɓi ya zama "maleriya da taifot", wannan ɗabi'a tana ci min rai wallahi. A yi gwajin maleriya, in ya nuna a yi magani, amma samun maleriya bai hana korona zama a jiki ɗaya ba. Kuma mu nan Filato dole zazzaɓin Lassa ya kasance a ranmu, musamman da rani, in zazzaɓi ya ƙi jin magani ko aka ga jini a dasashi ko fuska ta kumbura, a killace shi a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma nan take. Tarin da ya wuce sati 2 da rama da gumin dare kuma a tura majina gwajin tarin fuka. Gwajin korona na gaggawa na hanci yana fitowa cikin minti 15 zuwa 30 kuma ya fi kamawa a kwanaki 5 zuwa 7 na farko, in ya ce babu alhali alamomi sun cika kar ku saki jiki, a sake ko a tura samfur a yi PCR, wato gwajin ɗakin bincike da ya fi kama cutar.

To yanzu oksimita. Mai korona yana iya zama yana hira da ke, yana cewa "ai da sauƙi sista", iskar jininsa kuwa tana 86 cikin 100. Saboda haka kowa a auna shi. Amma a auna daidai, domin sanyin Jos a Disamba da Janairu yana sa yatsu su sandare na'urar ta yi ta ba da lambar banza, a sa mutum ya murza hannuwansa ko a riƙe yatsan a tafin hannu har ya yi ɗumi, a goge jan farce, in baƙin lalle ya rufe yatsun hajiya a nemi wanda bai kama sosai ba, sannan a jira lambar ta tsaya cak kafin a rubuta. Wani abu kuma, an gano cewa a jikin baƙar fata na'urar kan ƙara lamba sama da gaskiya, don haka in ta nuna 92 mutum kuma yana haki, ku yarda da idonku. A ƙirga numfashi na minti ɗaya cikakke da agogo. Ƙasa da 90 a oksimita, ko numfashi sama da 30 a minti ga babba, ciwo ya yi tsanani ke nan.

Wanda iskarsa ke 94 zuwa sama, yana ci yana sha, ba shi da wata cuta a ƙasa, gida zai koma. Farasitamol giram 1 duk awa 6 in akwai zazzaɓi, kar ya wuce giram 4 a rana, ruwa da yawa, ɗaki daban da taga a buɗe, kwana 10 daga ranar da ciwon ya fara. A gaya wa iyalinsa ƙarara cewa in ya fara haki, ko ƙirji ya riƙe, ko ya fara sambatu, a dawo da shi ko tsakar dare ne. Tsoho, mai suga, mai ciki, mai ciwon ƙoda ko HIV, ni dai ina son a sake auna su bayan kwana 2 ko da sun ce lafiya lau.

Wanda ya faɗi ƙasa da 90 kuwa gado da oksijin. A fara da siririn tiyo na hanci, lita 2 zuwa 5 a minti, in bai hau ba a koma abin rufe fuska lita 6 zuwa 10, in har yanzu shiru sai mai jaka lita 10 zuwa 15. Ana son ya zauna sama da 90, mai ciki kuma 92 zuwa 95. Ku tuna yawancin injin oksijin da ke asibitocinmu lita 5 ne iyakarsa kuma da an ɗauke wuta ya tsaya, don haka silinda cike da makunninta da sifana su kwana kusa da gadon, a san wa ke riƙe da makullin janareta kafin dare ya yi. In mutum yana cikin hayyacinsa a taimaka masa ya yi rub da ciki, filo a ƙarƙashin ƙirji, ya ɗan jima ya juya gefe ya sake komawa, sau da yawa za ki ga lambar ta hau a gabanki.

Magani kuma, deksametazon miligiram 6 sau ɗaya a rana har zuwa kwana 10, shi ne babban binciken da aka yi a Ingila ya nuna a watan Yunin 2020 yana rage mutuwa, amma fa ga wanda ke kan oksijin kaɗai. Ba wa mai ƙaramin ciwo ba ya amfanarsa, yana ma iya cutar da shi. Yana kuma tayar da suga, sai a riƙa auna sugan kullum. Wanda ke kwance likita ya duba batun allurar hana daskarewar jini in babu haɗarin zubar jini, kuma an tabbatar ba Lassa ba ce. Kulorokwin ba ya maganin korona, an gwada an gani. Antibayotik sai in akwai alamar nimoniya ta bakteriya, ba a jera wa kowa azitromaisin don dai ya tafi da leda. Ƙarin ruwa ma a yi hankali da shi, leda bayan leda tana cika huhun da dama ya jiƙe.

Ku kanku, takunkumi, safar hannu, wanke hannu tsakanin gado da gado, tazarar aƙalla mita 1 tsakanin gadaje, mai jinya ɗaya tak kuma kar ya zama kaka mai shekara 70. 'Yan dubiya a ba su haƙuri da bakin girma, "Baba, don lafiyarku ne, ku yi masa addu'a daga waje", sun fi jin wannan a kan tsawa.

In kun kai lita 10 iska ta ƙi wuce 90, ko mutum ya fara gyangyaɗi da ruɗewa, ko hawan jininsa ya faɗi, ko fitsari ya ɗauke, kar a jira asuba. A kira JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko asibitin Plateau Specialist tukuna a tabbatar akwai gado, a rubuta ranar fara ciwo, lambobin oksimita da duk maganin da aka ba shi, ma'aikaci ɗaya ya bi motar, sannan a lissafa ko iskar da ke silindar za ta kai Lamingo har da rarar cunkoson hanya.