Yadda za a tattala ruwa a gida da lambu idan fari ya kama a Kaduna

A Kaduna ruwan sama yakan ɗauke a watan Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Afrilu ko Mayu, kuma a shekarar da damina ta yi gardama, ko aka yi fari a tsakiyarta, rijiyoyin gida ba sa cika yadda suka saba, ta yadda tun kafin bazara ta kankama guga ya fara fitowa da taɓo. Mazauna Rigasa da Tudun Wada da Hayin Banki sun san alamun wannan lokaci, domin tun asuba jarkoki suke jeruwa a bakin burtsatse, masu tura kurar ruwa kuma su ƙara kuɗin jarka. Ruwan famfo ma da ake tacewa a Malali daga Kogin Kaduna ake janyo shi, kogin kuwa yana ja da baya da rani.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne lissafi. A ɗauki kwana 3 ana rubuta yawan jarkokin da suka shigo gidan da abin da aka yi da kowace, domin magidanta da yawa sun san kuɗin da suke kashewa a kan ruwa amma ba su san inda ruwan yake tafiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake buƙata a rana don sha da girki da tsaftar da ba makawa, saboda haka gida mai mutum 8 yana buƙatar lita 160, wato jarka 8 masu cin lita 20. Kada a taɓa wannan kaso. Wanda ya hana yara wanke hannu bayan sun fito daga banɗaki don ya rage jarka ɗaya, abin da zai kashe a asibiti idan amai da gudawa suka shigo gidan ya ninka kuɗin jarkar sau da yawa. Tattalin yana cikin sauran ruwan, kuma dabararsa ita ce kada ruwa ya bi kwata sai ya yi aiki biyu ko uku.

A tsakar gida wannan dabara take aiki. Idan uwargida za ta wanke shinkafa ko tumatir da attarugu, ta wanke a cikin roba, ta juye ruwan a bokitin da aka keɓe domin shuka. Wanke-wanke a yi shi da baho biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, bayan an kankare tukwane an share maiƙon kwanuka tun kafin su shiga ruwa. Ranar wanki a fara da fararen kaya, a bi da masu launi a cikin ruwan kumfa guda, sannan ruwan ɗauraya na ƙarshe, wanda kusan garau yake fitowa, a jiƙa kayan gaba da shi ko a goge daɓen ɗaki. Mai wanka ya tsaya a cikin babban baho, abin da ya taru a kora masai da shi.

Ruwan alwala ya fi duk waɗannan tsafta, kuma shi aka fi barin ya salwanta. Hadisin Anas ɗan Malik ya tabbatar da cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, wanda bai kai lita 1 ba, yana kuma wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu 5. Buta ɗaya ta ishi babban mutum har ta yi saura, alhali mai alwala a bakin famfo a buɗe yana zubar da ninkin haka ba tare da ya lura ba. A ajiye daro a wurin alwala, ko kuwa a mayar da wurin gindin bishiyar zogale ko gwaiba, sai ga shi ana shayar da ita sau 5 a rana ba a sayi ko kofi ɗaya dominta ba.

Sai yoyo. A tara bokiti a ƙarƙashin famfon da ke ɗiga bayan sallar isha'i, a duba shi da asuba, abin da aka gani zai sa a kira mai gyaran famfo a ranar, kuma sau da yawa 'yar robar da ke cikin kan famfon ce kawai ta cinye. Ɓarnar da ta fi ci mini rai ita ce ta gidajen da ke da burtsatse, inda ake kunna inji idan an kawo wuta, a manta da shi, tanki ya cika ya riƙa ambaliya har ruwa ya malale layi, maƙwabta kuwa suna bin layin jarka. Akwai ƙaramar na'ura da ake sa wa tanki wadda ke kashe injin idan ya cika, kuma ya kamata duk mai burtsatse ya sa ta. Masai na zamani, musamman tsohon yayi, yana iya cin lita 9 ko fiye a kora ɗaya, don haka a cika gorar roba da yashi, a rufe ta da kyau, a ajiye a cikin tankinsa inda ba za ta tokare ƙarfen ba.

Duk ruwan da aka adana, a randa ne ko a duro, a rufe shi ruf, saboda sauro yana hayayyafa a ruwan da ke kwance a buɗe, ƙananan yara kuma suna faɗawa cikin duro da baho. Idan aka samu yayyafi ko ruwan farko, a bar shi ya wanke ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye daga kan kwano tukuna, sannan a tara a ƙarƙashin indararo. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne, saboda haka rufi mai murabba'in mita 50 yana iya ba da kusan lita 500 daga ruwan milimita 10 kacal.

A lambu kuwa, rana da iska su ne suke shanye mafi yawan abin da aka zuba. A yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a zuba a gindin shuka kai tsaye, kuma gara a ƙosar da ƙasa bayan kwana biyu ko uku da a riƙa yayyafa mata kaɗan kullum, domin yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama inda zafi ya fi kama ta. Sabon dashe ne kaɗai yake buƙatar ruwa kowace rana har ya kama. Fangali ya zama mai ɗan zurfi da kunya a kewaye don ruwa ya kwanta, a cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, sannan a lulluɓe ta da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa mai kaurin yatsa uku, a ɗan bar sarari a jikin karan shukar saboda gara da ruɓewa. Kafin a sake ba da ruwa a tura yatsa cikin ƙasa, idan da danshi a ƙasan a dakata.

Ruwan da ya yi aiki a gida a zuba shi a ranar, kada ya kwana ya yi wari. Mai kumfa kaɗan ya dace da bishiyoyi irin su mangwaro da darbejiya, amma kada ya taɓa latas da kabeji da duk ganyen da ake ci ɗanye, wanda kuma aka sa masa bilic ko aka wanke kashin jariri da shi, masai ne wurinsa. Idan ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai dole a zaɓi abin da za a raya, kuma ni a ganina latas da kabeji ne za a fara haƙura da su, a riƙe zogale da yakuwa da rama da kuɓewa, waɗanda suka fi jure ƙishi kuma su ne miyar gidan.

Ga tumatir da tattasai, a sami tulun ƙasa wanda ba a yi masa fenti ba, a binne shi har wuya a tsakiyar shuka uku ko huɗu, a cika shi da ruwa, a rufe bakin da faifai ko tsohon murfi. Tsatsafar da ke sa ruwan randa sanyi ita ce za ta riƙa jiƙa ƙasar a hankali, saiwoyin kuma su zo su nannaɗe jikin tulun. Wanda bai sami tulu ba, ya huda gindin gorar roba da allura a wuri biyu ko uku ya binne ta haka nan, sai dai ita takan ƙare da wuri, don haka a riƙa leƙa ta kowace safiya.