Yadda Ake Shiga Tsibirin Hainan Ta Jirgin Sama

Hainan lardi ne a kudancin ƙasar Sin, tsibiri ne kuma babu gadar da ta haɗa shi da sauran ƙasar. Ko jirgin ƙasa ne, sai an loda taragunsa a jirgin ruwa an tsallaka da su mashigin Qiongzhou. Shi ya sa hanyar sama ta fi sauƙi.

Ka fara da biza. A 2018 aka fara barin 'yan ƙasashe 59 su shiga Hainan ba biza har kwana 30, amma Najeriya da Nijar ba sa ciki. Sai ka nemi bizar Sin tun kana gida.

Sannan ka zaɓi inda za ka sauka. Manyan filayen jirgi biyu ne: Meilan a Haikou, babban birnin lardin da ke arewa (HAK a tikiti), da Phoenix a Sanya, can kudu bakin teku (SYX). Tikitin Haikou yakan fi araha, kuma akwai tashar jirgin ƙasa mai gudu a filin Meilan ɗin kansa, wanda zai kai ka Sanya cikin kamar awa biyu. Mai kaya da yawa gara ya sauka Sanya kai tsaye. Kusa da filinta ma akwai unguwannin Musulmi, Huihui da Huixin, da masallatai da abincin halal.

Daga Kano, Abuja ko Legas, Ethiopian Airlines na kai mutum Guangzhou ta Addis Ababa, hanyar da 'yan kasuwarmu suka saba. Daga Guangzhou zuwa tsibirin kamar awa ɗaya da rabi ne.

A Guangzhou ɗin nan ne ake yawan yin asara. In tikitinka biyu ne daban-daban, dole ka wuce shige da fice, ka ɗauki kayanka, ka bi ta kwastan, sannan ka sake awon kaya, wani lokacin ma a wani ginin daban. Jirgin farko ya yi latti, na biyun ba ruwansa, kuɗinka ya tafi. Ka bar tazarar awa huɗu aƙalla, ko ka kwana a garin. Ka lura da nauyi kuma: akwati biyu masu kilo 23 da ka taso da su ba za su wuce kyauta a jirgin cikin gida ba, domin yawanci kilo 20 ake bayarwa, wasu tikitocin masu rahusa ma ba su da ko kilo ɗaya. Ka sayi ƙarin nauyin tun wajen yankar tikiti.

Wurin bincike, za a karɓe ashana da laita. Tun 28 ga Yunin 2025 kuma, batirin cajin waya da ba shi da tambarin CCC (shaidar ingancin kaya ta ƙasar Sin) a jikinsa ba ya hawa jirgin cikin gida. Ka juya naka ka duba. In tambarin ya goge, a nan za ka bar shi. Sunan da ke tikiti ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi.

Sai lokacin tafiya. Daga Yuli zuwa Oktoba guguwar teku kan sa a soke jirage, don haka ka yanki tikitin da ake iya canza wa rana. A hutun sabuwar shekarar Sinawa, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, jama'a kan yi tururuwa zuwa Sanya gudun sanyin arewa, kuɗin fitowa daga tsibirin ya yi tashin gwauron zabi. In dole ne ka je a lokacin, ka yanki na dawowa tare da na zuwa.