Zaɓen Weji don Bugun Kusa da Rami

'Yan'uwa masu wasan golf, kafin ku sayi sabon weji, wato sandar da ke ɗaga ƙwallo sama a bugun kusa da rami, ku fara duba kusurwar fuskar wanda ya zo cikin saitinku, wadda yawanci take tsakanin digiri 44 da 48, sannan ku bar tazarar digiri 4 zuwa 6 tsakanin kowace sanda da mai bi mata, misali 46, 50, 54, 58. Ku lura kuma da tudun gindin sandar, wanda shi ma da digiri ake auna kusurwarsa. Mai digiri 10 zuwa 14 yakan zame cikin yashi mai laushi ba tare da ya nutse ba, amma a kan ƙasa mai tauri yakan yi tsalle, bakinsa ya daki tsakiyar ƙwallo. A ganina, sabon shiga ya haƙura da wejin da kusurwar fuskarsa ta kai digiri 60 tukuna, tunda doka sanduna 14 kawai ta yarda a ɗauka.