Kafin ka zargi tanderu: kurakuran da aka fi yi a binciken garin ƙarfe da seramik

Da zarar samfur ya fito daga wuta a tsage ko ya yi ƙuraje ko ya lanƙwashe, maganar farko da za ka ji a labo ita ce "tanderun nan ne ba shi da kyau". To gaskiya sau da yawa tanderu ba ruwanshi, tona asiri kawai ya yi, ɓarnar tun wajen awo ko kwaɓi ko matsi aka yi ta, ido ne dai bai gani ba sai da wuta ta taɓa. Shi ya sa na ce bari in rubuta ma ƙannenmu masu shirya memuwar a kan wannan fanni, ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi ko waɗanda suka tafi karatu waje, abubuwan da suka fi kada mutane.

Ga wanda bai san aikin ba, hanya biyu ce. Ta farko ka zuba garin ƙarfe ko na seramik cikin mul ka danne shi da injin matsi ya zama ƙwaya, sannan ka gasa shi ƙasa da zafin da zai narkar da shi har ƙwayoyin garin su manne da juna. Bush ɗin tagulla da ke cikin fanka wanda yake riƙe mai da kanshi haka ake yin shi. Ta biyu ita ce ɗura, a kwaɓa garin da danƙo, wato kaki da roba da ɗan asid stearik, a ɗura shi da zafi cikin mul kamar yadda ake kayan roba, a cire danƙon, sannan a gasa. Tun shekarun 1930 aka gwada wannan a farin jikin buji, na ƙarfe kuma Raymond Wiech ne ya fito da shi a Kaliforniya cikin shekarun 1970. Ƴan ƙarafan da likitan haƙori ke manna ma haƙora don su miƙe, da yawansu ta nan suka fito.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi, don lissafin ƴan sakandare ne, shi ne rikita nauyi da girma. Takardun bincike in sun ce gari kashi 60 cikin 100, danƙo 40, wurin da kowanne ya ci ake nufi, ba abin da sikeli zai nuna ba. Ɗauki ƙarfen 316L, wani nau'in ƙarfe ne marar tsatsa, dansite ɗinshi, wato nauyin kowane santimita kub nashi, wajen giram 7.9 ne, danƙon kaki da roba kuwa bai kai giram 1 ba, ka ce 0.92. Santimita kub 60 na gari giram 474 kenan, 40 na danƙo bai cika giram 37 ba, ka ga a kan sikeli garin ya kusa kashi 93. Yanzu sai yaro ya karanta 60 da 40 ya je ya auna giram 60 da giram 40, abin da zai samu kunu ne, zai shiga mul lafiya lau ya fito da sheƙi har a ɗauke shi hoto a tura a WhatsApp, ranar da aka cire danƙo kuma sai a tarar da tsibin gari a kan faranti don ba abin da ya riƙe ƙwayoyin. Akwai kuma mai yin akasin haka, ya ga an ce kashi 93 a takardar ƙarfe ya kwaso ya sa ma alumina, wato wani farin garin seramik, alhali ita dansite ɗinta 3.98 ne, rabin na ƙarfe. Lissafa ka gani, gari ya kai kashi 75 na girma, wannan ko da wane inji ba zai gudana ba. Gyaran ba wuya, kullum fara da girma, tsakanin 55 da 65, ka mayar da shi nauyi da dansite ɗin garinka da na danƙonka, kuma ka rubuta duka biyun a littafinka da kuma cikin memuwar.

Sai shi kanshi garin. Wanda ake matsawa da wanda ake ɗurawa ba ɗaya ba ne. Na matsi yana da ɗan kauri, kamar mikron 50 zuwa 150 (mikron dubu ne milimita ɗaya), kuma an fi son mai kusurwa-kusurwa don ƙwayoyin su sarƙe da juna ƙwayar ta tsaya. Na ɗura kuwa laushi gare shi ƙwarai, galibi ƙasa da mikron 20, kuma zagayayye ya fi gudana. Ka sa mai kauri a ɗura, gashi ba zai cike ƴan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin garin ba. Ka danna zagayayyen garin ƙarfe mai tauri a injin matsi ba abin haɗi, yana fita daga mul yana rugujewa a hannunka.

Ajiya ma a ƙasarmu magana ce. Lokacin hunturu ƙura tana shiga ko ina, ko an rufe taga, kuma ƙurar nan yashi ce, in ta sauka a farar alumina za ka ga ɗigo-ɗigo bayan gashi ka yi ta neman dalili. Da damina kuma, watan Agusta musamman, garin baƙin ƙarfe in an bar gwangwani a buɗe yana shan laima ya fara tsatsa ya dunƙule. A rufe shi ruf, a busar da shi a wajen digiri 100 zuwa 110 kafin kwaɓi. Kuma don Allah a sa abin rufe hanci, a nisanta wuta da garin alminiyom ko titaniyom mai laushi, yana kamawa har ya yi bindiga.

Wajen kwaɓi kar ka yarda da ido. Kwaɓin da ya yi kama da ya haɗu zai iya zama da ƴan dunƙule a ciki. Gutsuro wurare huɗu ko biyar daban-daban ka auna dansite ɗinsu, in sun bambanta koma ka ci gaba da juyawa.

Mu dawo kan matsi tunda yawancinmu da injin matsi na hannu mai jak muke farawa. Abu na farko, agogon injin tan yake nunawa ko matsin mai, ba matsin da garin ya sha ba. Sai ka ga an rubuta "an matsa da tan 5" shi kenan, ba a faɗi faɗin mul ba, wa zai iya maimaita wannan? Mul mai faɗin milimita 10 fuskarshi milimita kare 78.5 ce, in kana son megapaskal 600 wanda shi ne kusan abin da ake ba garin baƙin ƙarfe, tan 4.8 kake buƙata. Ka canza zuwa mul na milimita 20, sai ka ninka sau huɗu, wajen tan 19, ba sau biyu ba. Na biyu shi ne tunanin cewa ƙarin matsi kullum alheri ne. Garin ƙarfe mai laushi yana lotsewa, to amma ko shi in dansite ɗinshi ya kai wajen giram 7.1 ko 7.2, alhali cikakken baƙin ƙarfe 7.87 ne, ƙarin ƙarfi mul kawai yake ci. Seramik kuwa ba ta lotsewa sam, megapaskal 100 zuwa 200 da ɗan danƙon PVA mai riƙe garin ya ishe ta, ka wuce haka iska ta maƙale ciki, kana sakin inji ƙwayar ta ɗan buɗe, sai ka ga kanta ya ɓare kamar hula ko ta rabu faifai-faifai. Wani lokacin tsagar ba ta ganuwa sai bayan gashi. Kuma bangon mul yana riƙe gari, don haka in daga sama kaɗai kake dannawa, sama ya fi ƙasa cika, dogon samfur sai ya fito daga wuta gindinshi ya fi kanshi tsukewa. Maganinshi a rage tsawo kar ya wuce faɗi da yawa, a sa zinki stearat mai sa gari santsi kamar kashi 0.5 zuwa 1, in da hali a danna ta sama da ƙasa, a turo ƙwayar waje a hankali ba tsayawa a tsakiya. Masu son zana layin Heckel na 1961, wanda ke nuna yadda gari ke ƙara cika in an ƙara matsi, kuma su tuna a kan garin ƙarfe ya gina lissafinshi, in ka ɗora shi kan alumina layi zai fito amma fassarar da za ka yi mishi sai da hattara.

A ɗura kanta ba zan daɗe ba. Zane mai wuri ɗaya kauri wuri ɗaya siriri shi ke kawo rami a ciki da lotsawa a waje, a yi ƙoƙari kaurin ya zo ɗaya kuma kar ya kai santimita guda. Gudu ya yi yawa, gari da danƙo su rabu a bakin ƙofar mul, za ka ga wurin ya canza launi. Mul ya yi sanyi, inda kwaɓi biyu suka haɗu ba za su manne ba. Ka karya samfur biyu ko uku tun suna ɗanye ka duba cikinsu, ya fi ka ɓata kwana biyu a kan abin da ya riga ya mutu.

Inda aka fi yin asara shi ne cire danƙo, kuma gaggawa ce ke jawo ta, sutnans ta matso malam yana jira. Mai ginin tukwane ba ta kai ɗanyar tukunya wuta, sai ta sha inuwa ta bushe, don ta san ruwan da ke ciki in ya tafasa bai samu hanya ba fasa ta zai yi. Nan ma haka ne, kusan kashi 40 na jikin samfurin danƙo ne kuma dole ya fita ta ƴan ƙofofin da ido ba ya gani. Shi ya sa ake yin shi hawa biyu. A fara jiƙa shi cikin heptan ko heksan, ruwan sinadarai ne masu narkar da kaki, a wajen digiri 40 zuwa 60 kakin ya narke ya fita ya bar hanyoyi, robar ta riƙe siffar, sannan a sa wuta a hankali, digiri 1 a minti ko ma ƙasa, ana tsayawa a inda robar ke ƙonewa, har wajen 500 ko 600. Masu tsallake hawan farko su ne samfurinsu ke yin ƙuraje. Kuma ta yaya ka san kakin ya fita? Da sikeli. Samfur na giram 10 mai danƙo kashi 7 na nauyi, in rabin danƙon kaki ne, ya kamata ya rage kusan giram 0.35 bayan ya bushe sarai. Ka ga 0.15 kawai, mayar da shi. Sikelin da bai karanta miligiram ba bai da amfani a nan. Heksan kuma a yi shi inda iska ke wucewa, ba kusa da risho ko mai shan taba ba. Kwaɓin da aka saya a shirye irin Catamold na BASF shi nashi daban ne, tururin asid nitrik ke cin danƙonshi a wajen digiri 110 zuwa 120, kar ka jiƙa shi a heptan ka zauna jira.

Wani abu da takardun Turai ba za su gaya maka ba, kakin farafin wajen digiri 55 zuwa 60 yake narkewa kuma tun kafin nan ya fara laushi. A watan Afrilu da Mayu nan Maradi inuwa ma ta wuce 40, balle ɗaki mai rufin kwano ko cikin mota a rufe ko but ɗin babur. Ɗanyen samfur ya yini a nan, siririn ɓangarenshi ya sunkuya kafin ya ga wuta. A ajiye shi kwance a kan abu shimfiɗaɗɗe a wuri mafi sanyi da ake da shi.

To yanzu tanderu, shi ma yana da nashi. Gasa ƙarfe a cikin iskar ɗaki ɓata lokaci ne, tsatsa za ka kwasa. 316L yana son haidirojin ko tanderun da aka zuƙe ma iska, a wajen digiri 1300 zuwa 1380, baƙin ƙarfen matsi 1120, tagulla wajen 800, alumina kuwa ita ba ruwanta da iska amma sai kusan 1600. Harafin L ɗin nan na nufin karbon bai wuce kashi 0.03 ba, in ka bar ragowar danƙo ya zama gawayi a ciki ka fita daga 316L ko da me aka rubuta a gwangwani. Haidirojin kuma ba abin da ɗalibi zai kunna shi kaɗai ba ne. Sannan kuran, in ya ɗauke a tsakiyar gashi ba gurup, rubuta awa nawa da digiri nawa aka kai, ka ware wannan samfurin gefe, kar ka sake kunna wuta ka haɗa sakamakonshi da na sauran kamar ba abin da ya faru.

Tsukewa ma ana faɗuwa a kanta. Kayan ɗura suna raguwa kashi 15 zuwa 20 a kowane gefe. Kana son milimita 20, tsukewa kashi 15, sai mutum ya ƙara 15 ya yanka mul na 23, ya fito 19.55. Rabawa ake da 0.85, mul ɗin 23.5 ne. Rabin milimita a wannan sana'a ya isa a ƙi karɓar kaya, kuma mul ba araha ba.

Na ƙarshe awon dansite cikin ruwa ta hanyar Arkimed. Samfurin matsi da bai wuce kashi 90 na cikakken dansite ba ƙofofinshi a buɗe suke, kana tsoma shi yana shan ruwa, sai lissafi ya ba ka 98 ka yi ta murna. Dole a cike ƙofofin tukuna, ƙarfe da mai, seramik a tafasa ta cikin ruwa, a yi awo uku, busasshe da cikin ruwa da jiƙaƙƙe a waje. Kuma samfur ɗaya ba sakamako ba ne, a yi aƙalla biyar a kowane hali a nuna tazarar da ke tsakaninsu. Ruwan ma a sa mishi termomita, don kowa 1.000 yake sawa a lissafi a matsayin dansite ɗin ruwa, alhali ruwan da ya kai digiri 35, wanda shi ne ruwan labo ɗinmu da bazara, 0.994 ne, bambancin kashi 0.6 kenan, kai kuma duk babinka na uku a kan bambancin 96 da 97 ka gina shi.