Ƙasa Ba Ta Iyo a Kan Wuta: Kurakuran da Masu Koyon Labarin Ƙasa Ke Ta Maimaitawa

Babu amsar da ta ishe ni a takardun ɗaliban labarin ƙasa kamar wannan: wai farantan ƙasa, wato manyan ɓangarorin da saman duniya ya kasu zuwa gare su, suna iyo ne a kan tekun narkakken dutse, shi ya sa suke motsi. Ɗalibi zai rubuta ta da ƙarfin gwiwa, har ya ja mata layi. To ba haka ba ne. Sashen da ke ƙarƙashin ɓawon ƙasa, wanda ake kira mantil, daskararren dutse ne tun daga inda ɓawo ya ƙare har zurfin kusan kilomita 2,900. Sai an wuce nan ake tarar da abin da ya narke da gaske, wato ƙarfen da ya kewaye cibiyar duniya, kuma ba shi da wata haɗuwa da farantan da muke zaune a kai.

Ba wanda ya tona ya gani, girgizar ƙasa ce ta ba da labari. A cikin igiyoyin da take aikawa akwai wani iri da ba ya ratsa abu mai ruwa. Na'urori suna kama shi bayan ya keta mantil lafiya lau, amma da ya isa narkakken ƙarfen nan sai ya ɓace.

Mai tambaya zai ce, in daskararre ne yaya yake motsi? Dubi ƙarfen da maƙeri ya gasa har ya yi ja. Bai narke ba, ba ka iya zuba shi a kwano, amma yana lanƙwasa in ya sha guduma. Haka dutsen mantil yake: ga zafi, ga nauyin abin da ke kansa, sai ya riƙa jan jiki santimita kaɗan a shekara.

Wannan kuskure ya taɓa cinye mini zangon karatu sukutum. Ajin da aka ba ni sun riga sun haɗiye hoton nan na littafi, wanda ake shafa wa mantil jan launi kamar garwashi, kuma duk abin da na ɗora a kai sai ya rushe. Na tambaye su me ya sa aman wuta ba ya fitowa ko'ina in dai wuta ce shimfiɗe a ƙasa, suka yi tsit. Tun daga lokacin na hana jan launi a zanen mantil. Toka-toka ake sa masa, jan kuma ɗigo-ɗigo ne a wuraren da dutse ke narkewa: inda faranti biyu ke rabuwa nauyi ya ragu, kamar tsakiyar Atlantika da Aislan, inda farantin teku ke nutsewa ƙarƙashin wani, kamar Japan da Indonesiya da tsaunukan Andes, sai wuraren da zafi ke tasowa daga can ƙasa a tsakiyar faranti, irin Hawai. Wasu malamai suna ganin na cika tsanani a kan launi. Su je su duba takardun yaransu.

A inda farantin teku ke nutsewa ma akwai wani tuntuɓe. Ba gogayya ce ke narkar da dutsen ba. Farantin da ke nutsewa yana tafiya da ruwa a jikin ma'adanansa, zafi ya matse ruwan ya hau cikin mantil ɗin da ke sama, ruwan kuma ya sa dutse ya narke a zafin da bai kai na da ba. Nauyin wannan gefen da ya nutse shi ne babban abin da ke jan sauran farantin a bayansa.

Abu na biyu da ke tayar mini da rai shi ne gaggawa. A watan Maris na 2018 ƙasa ta tsage a kusa da Mai Mahiu a Kenya bayan ruwan sama mai yawa, ta yanke titi. Kafin a ce me, hotuna sun cika Facebook: Afirka ta rabe biyu! Har yau wani zai tono hoton ya turo mini kamar jiya abin ya faru. Haba jama'a! Gaskiya ne Gabashin Afirka yana janyewa daga sauran nahiyar, amma milimita kaɗan ne a shekara, kuma kafin teku ya shiga tsakani sai an yi miliyoyin shekaru. Masana da dama sun nuna cewa ruwan ne ya kwashe sassaukar tokar aman wuta da ta cike ramin. Mai son ganin tsagewa ta haƙiƙa ya nemi labarin yankin Afar na Habasha a 2005, inda narkakken dutse ya kutsa ya buɗe ƙasa tsawon kusan kilomita 60 cikin 'yan makonni. Wannan ma taki ɗaya ne a doguwar tafiya. Atlantika da ke faɗaɗa wajen santimita 2 zuwa 3 a shekara ta yi sama da shekara miliyan 100 tana raba Afirka da Kudancin Amurka.

Abin da nake sa ɗalibi ya yi kafin ya buɗe baki shi ne lissafi. Santimita 2 a shekara, kilomita 20 ke nan a shekara miliyan ɗaya. Wanda ya yi wannan da hannunsa sau ɗaya ba ya sake tura irin wancan hoto.

Faranti ba nahiya ba ne. Farantin Afirka ya haɗa har da ƙasan teku zuwa tsakiyar Atlantika, na Pasifik kuwa kusan duk ƙasan teku ne. Kaliforniya ta Amurka ba za ta faɗa ruwa ba kamar yadda wasu ke cewa, domin a layin San Andreas, tsagar da ta ratsa ta, farantan gefe da gefe suke wuce juna. Ba kowane dogon tsauni ne aman wuta ba: Himalaya karon Indiya da Asiya ne da ya fara wajen shekara miliyan 50 da suka wuce, kuma dutsen da ke ƙolin Everest a ƙasan teku ya samu, da ɓurɓushin halittun ruwa a jikinsa. Kada kuma a rubuta cewa Alfred Wegener, masanin nan Bajamushe, ya tabbatar da komai. Ya kawo ra'ayin gusawar nahiyoyi a 1912, aka ƙi shi saboda bai iya nuna abin da ke tura su ba, ya rasu a 1930, sai a shekarun 1960 binciken ƙasan teku ya kawo hujjar.

Ma'aunin girgizar ƙasa shi ma ana yi masa karatun awon mudu, a ɗauka mai maki 8 ta ɗan ɗara mai maki 7. Ƙarin maki ɗaya na nufin ƙarfin da aka saki ya ninka kusan sau 32, maki biyu kuwa sau dubu. Ta Cile a 1960, mai maki 9.5, ita ce mafi girma da aka taɓa aunawa.

Sai masu ɗora wa farantai komai. Da sun ga kwazazzabo sai su ce girgizar ƙasa ce ta tsaga shi. Grand Canyon na Amurka, mai zurfin kusan mita 1,800, kogin Kolorado ne ya sassaƙe shi sannu a hankali yayin da ƙasar wurin ta ɗago sama. Ƙarfin cikin ƙasa yana ɗaga tudu, ruwa da iska da ƙanƙara suna zaizaye shi, su kwashe yashin su jibge a wani wuri. In aka ba ka hoton wani yanayin ƙasa a jarrabawa, fara neman hanyar da ruwa ke bi a wurin kafin ka ambaci faranti.