Yadda zaka sa intalok a hanyar mota in kana zaune a garin ruwa da zafi

Duk wanda ya taso a Kano ko Katsina ya koma Legas ko Fatakwal da zama yasan ruwan can ba irin namu bane. Mu a gida in anyi ruwa da dare kafin azahar ƙasa ta sha iska, amma can sai a wuni ana tsuga shi gari ya waye a ɗora daga inda aka tsaya, ga zafi ga gumi, wanki ma sai ya kwana biyu a igiya balle ƙasar tsakar gida. Ruwan Kano na shekara bai cika wuce milimita 1,000 ba, na Legas ya haura 1,500, Fatakwal kuwa sama da 2,000 ake magana. Toh kaga aikin intalok, wato ƙananan bulon siminti da ake jerawa a ƙasa a matsayin daɓe, wanda zai yi shekaru lafiya lau a Kano, in ka ɗauko shi yadda yake ka kai can damina biyu ta ishe shi.

Ni abun ya faru dani shiyasa nake faɗa da ƙarfi. Na farko da aka sa min daga get zuwa inda nake ajiye mota wallahi ranar da aka gama har maƙwabta ke leƙowa, ja da toka gwanin sha'awa. Damina ta biyu sai ga rami biyu dogaye daidai inda taya ke bi, ruwa ya kwanta a bakin get, gefen katanga kuma yayi kore shar da gansakuka, wata asuba Hajiyarmu ta fito alwala saura kiris ta zame, Allah ne ya kiyaye ta dafa bango. Washegari nasa aka ɗaga bulo goma na tsuguna na duba. Baƙar leda ce a shimfiɗe akan ƙasar da ko daddaɓe ta ba'a yi ba, sai garin dutse da baifi inci biyu ba wanda ya koma kamar kunu, in ka danna yatsa ruwa ya taso. Bulon kansa babu abinda ya same shi, ƙasansa ne babu komai. Tun ranar na gane intalok kuɗinsa yana ƙasa ne inda ido baya gani.

Dan haka kafin ka je wajen masu bulo fara da ruwa. Jira ranar da ake ruwa sosai ka ɗau lema ka tsaya a tsakar gidanka ka kalla, ina ruwan kwano yake zuba, ina yake bi, ina yake taruwa, kwatar layinku ta fi gidanka tudu ko ta fi shi kwari. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci sosai, dan akwai unguwanni da yawa a Legas da aka ɗaga titi gidaje suka koma rami, in naka haka yake toh sai anyi ciko ko a haƙa ramin da ruwa zai dinga tsanewa a ciki, in ba haka ba ko wane irin bulo ka sa a ruwa zai zauna. Gangaren da ake so shine santimita 2 a duk mita ɗaya, wato in hanyar motarka mita 10 ce bakin get ya zama ƙasa da wajen gareji da santimita 20, kuma gangaren ya kauce ma ginin gida, kar ka yarda ruwa ya dinga komawa jikin bango. Saman intalok ɗin ma ya zauna ƙasa da daɓen cikin gida da aƙalla santimita 15, in ba haka ba zaka ga fenti na ɓarewa daga ƙasa kana ta zagin mai fenti alhali ba laifinsa bane. Fayif ɗin da ke sauko da ruwan kwano kar a barshi yana zuba akan bulo, yana wanke yashin tsakani ne, a binne masa hanya ya fita kwata.

Sai zaɓen bulo. Kauri dai ukku ne kake yawan samu, milimita 50, 60 da 80. Na 50 na tafiyar ƙafa ne barshi ma bayan gida da wajen shanya. Na 60 ya isa ƙaramar mota. Amma tambayi kanka tsakani da Allah, tankar ruwa na shigowa gidan nan? Motar kwasar masai fa? In eh ne ko da sau biyu ne a shekara sa na 80 ka huta, dan shigowa ɗaya ta tanka cike da ruwa akan ƙasa mai danshi ta isa ta lotsa maka waje.

Akwai bulon da ake zubawa a robar mol, wato mazubin da ke fitar da siffarsa, shine mai sheƙin nan sumul kamar tayil, akwai kuma wanda inji ke matsewa da girgiza, fuskarsa da ɗan kaushi. Ni dai a garin ruwa na injin nake ba mutane shawara, dan mai sheƙin nan da gansakuka ta hau shi ya zama sabulu, kuma a gida akwai tsofaffi akwai yara masu gudu ba takalmi. In ka je wajen masu yi kar ka tsaya kallon wanda suka jera a gaba na talla, zagaya baya inda aka tara ka zaro biyu da kanka ka gwara su, mai kyau zai yi ƙara tas kamar ƙarfe, wanda aka cuci siminti zaka ji shi dum kuma gefensa na zubar da gari. Karce shi da ƙusa ko makullin mota. Zuba masa ruwa kaɗan ka gani, in ya zuƙe nan take kamar soso barshi, mai shan ruwa shine gidan gansakuka. Sannan ka tambayi ranar da aka buga shi, kankare sai yayi kwana 28 yake kai ƙarfinsa, amma in kasuwa ta buɗe wasu na kwana huɗu zasu loda maka yana fashewa tun a mota. Auna kaurin guda biyar ko shida ma, in wani ya ɗara wani da yawa aikin bazai taɓa yin lebur ba.

Kala kuma, baƙi da toka mai duhu suna da kyau a hoto amma da rana tsaka ko silifas ka sa sai ka ji a tafin ƙafa, kuma da dare suna sakin zafin nan ne ya shigo maka taga. Toka mai haske ko ruwan ƙasa sunfi sanyi. Illarsu ɗaya baƙin mai yafi fitowa a jikinsu. Ja yana koɗewa in a sama kawai aka shafa kalar, dan haka fasa ɗaya ka ga iya inda kalar ta shiga.

Lissafi ba wuya. Bulon nan mai tsawon santimita 20 da faɗin 10 guda 50 ke cika sukwaya mita ɗaya, hanya mai faɗin mita 3 da tsawon 10 sukwaya mita 30 kenan, bulo 1,500, ka ƙara kamar 150 saboda yanka da fashewa da na ajiya.

Yanzu ga inda aikin yake, kuma dan Allah ranar da za'ayi wannan ka ɗau hutu ka tsaya akai da kanka. Za'a haƙa kamar santimita 25 zuwa 30, a kwashe duk baƙar ƙasar sama da saiwoyi da tarkacen gini, har sai an taɓo ƙasa mai ƙwari. In zaka wuce da wayar wuta ko fayif ɗin ruwa zuwa get yanzu ne lokacinsa, ka ma binne fayif ɗaya babu komai a ciki saboda gaba. Sai a bi ƙasar da injin daddaɓa, kwamfakta, ana bada hayarsa na wuni kuma kuɗin bai kai rabin asarar da zai tare maka ba. In mai aiki yace maka ai ba sai da inji ba zasu buga da katako ko mota ce zata danne shi da kanta, ka sallame shi cikin mutunci ka nemi wani.

Batun leda kuwa kusan kowa yana sawa wai dan kar ciyawa ta fito, kuma ni ban ga amfaninta ba sai illa. Ciyawar da kake gani a tsakanin bulo yawanci ba daga ƙasa take tasowa ba, iska da tsuntsaye ne ke kawo irinta ya faɗa cikin yashin tsakani ya tsiro daga sama. Ita kuwa leda abinda take yi shine ta tare ruwan da ya shiga ta hana shi wucewa, yashin ya zauna a jiƙe wata da watanni, taya ta hau ya motsa. In ƙasarka yumɓu ce ko mai taɓo abinda ya dace shine jiyotekstayil, wani yadi ne kamar bargo mara kauri da ake saidawa a naɗe, ruwa na wuce shi amma baya barin taɓo ya haɗiye maka dutse. In kuma yashi ce ƙasar kamar ɓangaren Lekki ruwa na tsanewa da wuri, matsalar can itace ruwan ƙasa yana kusa, sai ka ɗaga aikin sama.

Akan wannan sai a zuba niƙaƙƙen dutse, wanda yake haɗe manya da ƙanana da garinsa, kaurin santimita 15 bayan an danne, in ƙasar mai laushi ce a kai 20 ko fiye. Kar a juye tifa guda a baje a hau da inji sau ɗaya, injin baya danne abinda ya wuce santimita 10 da kyau, kashi biyu za'ayi, a zuba rabi a ɗan yayyafa ruwa a danne sannan a ƙara. Alamar yayi shine ka taka da dugadugi baka ga sawunka ba. Jar ƙasa zalla wasu ke sawa dan tafi araha, da rani kamar dutse take amma in ta sha ruwa ta daɗe tana saki, a ciko na ƙasa ba laifi amma dutsen ya hau kanta. Kuma gangaren nan da mukayi magana a jikin dutsen ake fitar da shi da igiya da turaku, ba'a gyara shi da yashi daga baya.

Kafin bulo a kafa kaf, wato dogayen bulon gefe, a zaunar dasu cikin kankare a tokare bayansu. Su ne ke riƙe da komai, in babu su duk juyin taya bulo na matsawa gefe kaɗan kaɗan har tsakani ya buɗe.

Sai yashi mai kaushi na rafi, wankakke, santimita 3 zuwa 4 kawai. Ba yashin filasta ba mai laushi, kuma garin dutse da aka saba sawa shima riƙe ruwa yake kamar yadda na gani a gidana. A aje fayif biyu a ƙasa a ja katako miƙaƙƙe akansu yashin ya kwanta lebur, daga nan ba mai sake taka shi, mai jerawa akan bulon da ya riga ya sa zai dinga tsayawa. Jerin da yafi riƙe mota shine na ƙashin kifi, wanda kowane bulo ke tokare da ɗan uwansa a kaikaice, dan inda ake juya sitiyari a tsaye nan ne jerin layi layi yake fara buɗewa. A bar 'yar ƙofa ta milimita 2 zuwa 5 tsakaninsu, a dinga ɗebo bulo daga tari daban daban dan kalar ta gauraya, na gefe kuma a yanka da inji kar a cike gurbin da siminti, wannan cikon shi ke fara tsagewa.

In an gama jeri a share, a hau da kwamfakta da roba a ƙasansa dan kar ya karce fuska, sannan a baza busasshen yashi mai ɗan laushi a share shi cikin tsakani, a sake hawa da inji, a sake sharewa har ya daina shiga. Busasshe nace, jiƙaƙƙe baya gangarawa ciki, shiyasa ma aikin nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu yafi daɗi, in ka fara shi a Yuni ko Yuli ruwa zai wanke maka yashi kana kallo. Bayan sati biyu ko ukku ka duba zaka ga yashin ya sauka, ƙara masa.

Watannin farko zaka iya ganin wani farin gari kamar kanwa a fuskar bulo, kar hankalinka ya tashi daga simintin yake fitowa kuma ruwa da shara na tafiya da shi a hankali. Kar kayi saurin shafa man sheƙin nan da ake tallatawa, in akwai danshi a ciki rufe shi zai yi ya koma fari fari, ga ƙarin santsi. Gansakuka kuwa inuwa take so, in akwai mangwaro ko wata bishiya da ta rufe wajen a rage mata rassa rana ta samu shiga, in ta fito ka haɗa bilic da ruwa ka zuba ka barshi kamar minti 15 ka goge da burushi mai tauri ka ɗauraye, ka kula kar ya gangara cikin shuka, kuma kar ka haɗa shi da wani maganin wanki. Masu wanke mota da injin feshi ka hana su saita bakinsa cikin tsakani, yashin suke fitarwa, duk inda yashi ya fita kuma nan tururuwa da ciyawa ke shiga. Ni duk watan Maris kafin ruwan farko nake sayen buhu biyu na yashi in shanya shi in bi tsakanin in cike.

Ragowar bulon nan ka jera su a bayan gida inda ruwa baya kwanciya. Ranar da wani ya fashe ko baƙin mai ya ɓata shi, ko wani waje ya ɗan lotsa, sukudireba biyu zaka sa ka ƙwaƙule yashin gefensa ka ɗaga shi, na farkon ne mai wuya sauran da hannu zasu fito, ka gyara ƙasan ka ƙara yashi ka mayar ka bubbuga da gudumar roba, in ka koma kasuwa neman irinsa bayan shekara ukku da wuya ka samu kalar da zata zo ɗaya da naka.